Ido Ba Mudu Ba Ne: Tsakanin Ganin Ido Da Hoton Waya

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a nan garin Lafiya)



 

Maganar da aka ɗora mana yau, in mutum ya ji ta da farko sai ya ce ai ta yara ce, ta masu sayar da waya. Watau a gwada idon ɗan Adam da kyamarar da ke cikin wayar hannu, a ga wanne ya fi gani. To amma duk wanda yake zama inda dattawanmu suke sasanta rigimar ciniki ya san cewa da yawa daga cikin ƙararrakin da ake kawowa yanzu da hoto suke farawa. An tura wa wani a Dawanau hoton riɗi, ya turo kuɗi, kaya sun isa Kano ya ce ba abin da ya gani ba ke nan. Wata ta zaɓi atamfa daga Kantin Kwari ta cikin waya, an kawo mata Lafiya ta ce ita shuɗiya ta gani, wannan kuwa ta yi duhu. An ɗauki hoton ƙwaryar doya an aika Legas, mai saye ya ce an nuna masa manya an loda masa ƙanana. Kowa yana rantsuwa, kuma sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu.

Mu da muka baro Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya da sauran garuruwa muka zauna a nan, wasunmu ma a nan aka haifi iyayensu, matsayinmu a ciniki na tsakiya ne. Manomi Ba'alago ko Eggon ko Tibi ko Gwandara ko Migili shi ya noma, mai saye yana can nesa, mu ne gadar da ke tsakaninsu. Jarinmu na gaske shi ne a ce Bahaushen Lafiya in ya ce kaya haka suke, to haka suke. Ran da wannan ya zube, kuɗi ba za su maido shi ba, kuma mun san yadda rigimar buhu ɗaya takan rikiɗe ta zama maganar ƙabila. Saboda haka tambayar yau ita ce: Hausawa sun ce gani ya kori ji, to shin ganin hoto gani ne?

Mene ne megafiksel?

Bari mu fara da kalmar da masu sayar da waya suke buga mana a kunne. Ku dubi hular da ke kan kowannenmu. Daga nesa zane muke gani, amma in ka matso da ita kusa sai ka ga ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya, kowane da kalar zarensa. Hular da ɗinkinta ya fi ƙanana da yawa ita ta fi fitar da zane, ita ta fi tsada. Hoton waya haka yake. Ɗigo-ɗigo ne aka jera, kowane ɗigo ana ce masa fiksel, in sun kai miliyan ɗaya sai a ce megafiksel ɗaya. Wayar da aka rubuta mata 50 ana nufin a bayan gilashin kyamararta akwai ɗan faranti mai karɓar haske, wanda bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba, an raba shi gida miliyan 50.

Abin bai daɗe ba. A 1975 wani injiniya mai suna Steven Sasson, a kamfanin Kodak na Amurka, ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, mai ɗaukar hoto ba da fim ba. Nauyinta ya kai kilo 3.6, ɗigonta 10,000 ne kacal, hoton baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. A shekara ta 2000 kamfanin Sharp ya fitar da waya mai kyamara a Japan, ɗigonta 110,000. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, muna murna mun huta da layin buga waya. A 2012 Nokia ta fito da mai megafiksel 41, a 2019 aka kai 108, a 2023 kuwa Samsung ta sa wa babbar wayarta 200. Cikin ƙasa da shekara 50 an tashi daga ɗigo dubu goma zuwa miliyan 200.

To idonmu fa, nawa ne?

Samarinmu za su ce an riga an auna, wai ido megafiksel 576 ne. Wannan lamba ta fito ne daga lissafin wani masanin kimiyya Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Roger Clark. Ya ɗauki faɗin filin da mutum yake kallo a gabansa, ya raba shi da mafi ƙanƙantar abin da lafiyayyen ido zai iya bambancewa, ya sami ɗigo 24,000 a tsaye da 24,000 a kwance. In ka ninka su, miliyan 576 ke nan. Lissafin daidai ne, sai dai yana nufin ɗigon da hoto zai buƙata domin duk inda ka juya idonka a cikinsa ka ga abin tar. Ido ba ya ɗauke wannan duka a kallo ɗaya.

Kowa ya miƙa hannunsa gaba, ya ɗaga babban yatsa, ya dubi farcen. To wurin da idonmu yake gani tar a lokaci ɗaya bai wuce kamar faɗin wannan yatsa ba. Wanda yake shakka ya ɗauki takarda mai rubutu, ya kafe idonsa a kan kalma ɗaya, ya gwada karanta layin da ke ƙasa da ita da tazarar yatsa uku ba tare da ya motsa ido ba. Zai san akwai rubutu, amma ba zai karanta ba.

Dalili kuwa shi ne, a bayan ido akwai wani tantani da haske yake sauka a kai. A jikinsa akwai ƙwayoyin karɓar haske iri biyu. Iri na farko masu siffar sanda, kimanin miliyan 100 zuwa 120, su ne masu aikin dare, ba su san kala ba. Iri na biyu masu siffar mazurari, kimanin miliyan 5 zuwa 6, su ne masu kala da fayyace abu, kuma sun fi cunkushewa a wani ɗan gurbi a tsakiya. Sa'an nan jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce miliyan ɗaya da ɗan wani abu ba. Kun ga ke nan tun a cikin ido ake tace labari, kamar yaron shago mai hankali da ba ya kawo wa maigida kowace magana sai mai amfani.

To me ya sa muke jin kamar duk ɗakin nan muna ganinsa tar? Saboda ido ba ya tsayawa. Yana tsalle daga nan zuwa can wajen sau uku a kowace daƙiƙa, yana tsinto guntu-guntu, ƙwaƙwalwa tana ɗinke su tana ba mu abu guda. Har ma akwai wani wuri a cikin kowane ido da ba ya gani sam, inda jijiyar nan ta fita. Wani Bafaranshe, Edme Mariotte, shi ya gano haka a cikin shekarun 1660. In an koma gida a gwada: a yi ɗigo biyu a takarda, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu. A rufe idon hagu, a kafe na dama a kan ɗigon hagu, a riƙa matso da takardar a hankali. Za a kai wani wuri da ɗigon dama zai ɓace, kuma ba rami baƙi za a gani ba, farar takarda za a gani. Ƙwaƙwalwa ce ta cike gurbin da abin da take zato. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Mu da muka yi Islamiyya ya kamata mu san cewa wannan ilimi yana da tushe a wajen magabatanmu. Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya rubuta Kitab al-Manazir. A zamaninsa da yawa sun ɗauka wani haske ne yake fita daga ido ya taɓa abu. Shi ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne yake tasowa daga abin ya shiga ido. Ya yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda haske yake shiga ta ƙaramar huda, watau asalin dabarar da kyamara take aiki da ita. Ya kuma bayyana cewa gani ba ya cika sai hankali ya gwada abin da ya shigo da abin da mutum ya riga ya sani. Shi ya sa dillalin da ya shekara 30 a cikin doya da baƙon da ya zo jiya za su dubi tsibi ɗaya, idonsu iri ɗaya, amma abin da suka gani ya bambanta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ba girin-girin ba, ta yi mai

Yanzu mu koma kan waya. Yawan lamba ba shi ne kyan hoto ba, ga dalili. Farantin nan ƙarami ne, in ka raba shi gida miliyan 200 kowane gida sai ya zama ɗan mitsitsi, har za a jera wajen ɗari a kaurin gashin kai ɗaya. Ku ɗauka ana ruwan sama, wani ya tara bokiti, wani ya tara murfin kwalba. Wa zai fi samun ruwa? Haske ma haka ne. Ƙaramin gida ɗan haske yake samu, musamman a cikin rumfa ko bayan magariba. Masu ƙera waya sun san haka, shi ya sa suke sa wayar ta haɗa gidaje da yawa su zama ɗaya. Mai 50 takan haɗa huɗu-huɗu ta ba ka hoto mai 12 da rabi. Mai 108 takan haɗa tara-tara ta ba ka 12. Mai 200 takan haɗa 16 ta ba ka 12 da rabi. Sai in ka shiga ka canza da hannunka za ta ba ka cikakkiyar lambar. Ke nan wanda ya ƙara kuɗi saboda lambar da ke jikin kwali kawai, hoton da yake ɗauka kullum yawan ɗigonsa kusan ɗaya ne da na maƙwabcinsa. Abin da ya fi tasiri shi ne girman farantin, da kyan gilashin, da isasshen haske, da hannun da ba ya rawa.

Ba a nan ragin ya tsaya ba. In ka tura hoto ta WhatsApp yadda muka saba, yana matse shi domin ya tafi da sauri kuma kada ya cinye data, yawanci ya mai da shi kamar ɗigo 1,600 a tsawonsa, watau wajen megafiksel 2. Sai a 2023 aka ƙara maɓallin HD mai rage matsewar. Sa'an nan mai saye zai duba shi a fuskar wayarsa. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawancinmu muke riƙewa fuskarsu ɗigo 720 ne sau 1,600, kaɗan ya haura megafiksel ɗaya. Masu tsada ma, 1,080 sau 2,400, ba su kai uku ba. An fara da 50, an ƙare da ɗaya ko biyu.

Bari mu kawo lissafin kan riɗi, tun da ƙasar nan, musamman wajen Doma, an san ta da shi. Ka shanya riɗi a tamfol mai faɗin mita 4, ka ja baya ka ɗauke shi duka, ka tura. Mita 4 milimita 4,000 ke nan. Raba da ɗigo 1,600, kowane ɗigo ya ɗauki milimita 2 da rabi. Ƙwayar riɗi kuwa tsawonta wajen milimita 3 ne. Watau kowace ƙwaya ɗigo ɗaya ce tal a cikin hoton. Ina yashi zai fito? Ina ƙaiƙayi, ina wanda ya yi baƙi saboda danshi? Amma in ka ɗebo riɗin a tafin hannu ka kawo shi kamu ɗaya da rabi daga fuskarka, lafiyayyen ido yana bambance abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ya ninka wancan hoto wajen sau 25 a fayyacewa. Ban da haka hannu yana jin nauyi da danshi, hanci yana jin warin ruma, haƙori yana gwada bushewa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bin waya.

Ta wajen girma kuma, Allah ya ba mu ido biyu, tsakaninsu wajen santimita 6, kowanne yana kallo ta ɓangarensa, da haka muke gane nisa da kauri. Hoto kuwa shimfiɗe yake, kuma gilashin kyamarar waya yana kumbura abin da ke kusa ya ƙanƙantar da na nesa. Doyar da ke gaban tsibi sai ta fito kamar cinyar sa, alhali ta baya ita ce ainihin girman ƙwaryar. Ko mai ɗauka bai yi nufin ha'inci ba, hoton ya riga ya yi masa ƙari.

Sai kala, inda iyayenmu mata suka fi shan wahala. Idonmu yana gyara kala da kansa: farar riga fara ce a gare mu ko a rana, ko a inuwa, ko ƙarƙashin ƙwan lantarki. Waya kuwa zato take yi, ta ƙara nan ta rage can, ta sa kala ta yi ƙarfi domin hoto ya burge. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Infinix da itel, ya sami kasuwa a Afirka har da dalilin cewa ya saita kyamarorinsa su fitar da fuskar baƙar fata da kyau. Wannan abin yabo ne, amma yana nuna mana cewa akwai hannun mai ƙira a cikin kowane hoto. Waya biyu za su ɗauki shadda ɗaya su ba da kala biyu, fuskar waya biyu kuma su sake nuna ta iri biyu. A watan Fabrairu na 2015 duniya ta rabu biyu a kan hoton wata riga daga Birtaniya, wasu suna rantsuwa shuɗi da baƙi ce, wasu suna cewa fari da ruwan zinariya, alhali hoto ɗaya suke kallo. Rigar shuɗi da baƙi ce. In haka ta faru ga miliyoyin mutane, to kada mu yi saurin kiran ɗan'uwanmu maƙaryaci a kan turmin atamfa.

Inda kyamara ta fi mu

Adalci shi ne mu faɗi inda ita ma ta yi gaba. Kyamara ba ta mantuwa. Abin da ido ya gani jiya, yau zuciya ta fara yi masa kwaskwarima, amma hoton lambar mota, da adadin buhunan da aka loda, da rasit, da rubutun da ke jikin dila, yana nan yadda aka ɗauke shi. Tana ɗauke duk filin da ke gabanta a lokaci ɗaya, ba guntu-guntu ba. Tana ganin wani hasken da mu ba ma gani: ku nuna bakin rimot na talabijin ga kyamarar waya ku danna, a wayoyi da yawa za ku ga yana walƙiya, ido kuwa ba ya ganin komai. Tana kuma ƙara wa dattijo girman rubutun jikin kwalbar magani. Saboda haka ba cewa muke a jefar da waya a koma zamanin aika yaro da wasiƙa a jirgin ƙasa ba. Cewa muke a ajiye kowane abu a matsayinsa. Hoto shaida ne mai kyau a kan adadi da lamba da rubutu, amma raunanan shaida ne a kan inganci da girma da kala.

Yadda za mu tsare cinikinmu

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware asalin wannan mas'ala, tun babu waya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka karanta a zaure, an halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, an kuma halatta sayen abin da ke cikin dila bisa takardar da ta bayyana siffarsa. In kaya suka zo daidai da siffar ciniki ya tabbata, in suka saɓa mai saye yana da zaɓi. Ku lura, a kan siffa aka gina hukuncin, watau magana bayyananniya wadda za a iya kama mutum da ita. Hoto shi kaɗai ba ya cewa komai, kowa yana karanta abin da ransa yake so a cikinsa. In babu siffa, cinikin biri a sama ke nan.

Don haka ga shawarwarin da muke roƙon ƙungiya ta duba, in ta ga dama ta mai da su ƙa'ida a tsakaninmu.

Na ɗaya, kowane hoto ya tafi da magana a rubuce ko a murya: irin kayan, na bana ne ko na bara, nauyin buhu, an sheƙe ko ba a sheƙe ba, da aibin da muka sani. Aibin da ka faɗa da bakinka ba ya dawo maka da mota.

Na biyu, a ɗauki hoto biyu, na nesa domin yawa, na kusa a tafin hannu domin inganci, kuma a ɗebo daga tsakiyar buhu da ƙasansa, ba daga baki kawai ba.

Na uku, a sa ma'auni a cikin hoton, ko tef ɗin tela ko kwalin ashana a jikin doyar, kuma a nuna babba da matsakaiciya da ƙarama.

Na huɗu, tufafi a ɗauke su a waje, a inuwa da rana, a shimfiɗa farar takarda a gefe, a kashe duk wani abin ƙawata hoto, a kuma faɗi lambar zanen da sunan kamfani.

Na biyar, a tura a HD ko a matsayin dokumen, wanda ba a matse shi.

Na shida, in kuɗin masu yawa ne, a aika samfur a mota, ko mai saye ya wakilta wanda zai gani da idonsa. Kuɗin mota zuwa Kano bai kai asarar tirela ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, in bai samu ba, idon amintacce ya fi hoto.

Idon da muke taƙama da shi

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi nauyi. Duk wannan fifiko da muka ba ido, lafiyayyen ido muke nufi. Daga shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abin da ke kusa, sai ka ga mutum yana nesanta waya da fuskarsa. Wannan girma ne, tabarau na karatu yana gyara shi, kuma babu abin kunya a ciki.

Amma ku tuna ɗigon nan da ya ɓace a takarda ƙwaƙwalwa ta cike gurbinsa. Akwai ciwon da yake fakewa a bayan wannan baiwa, shi ne wanda muke kira hawan jinin ido, likitoci suna ce masa gilakoma. Ba shi ne hawan jini na jiki ba. Jijiyar gani yake lalatawa a hankali, sau da yawa saboda matsin ruwan da ke cikin ido ya hau. Irin da ya fi yawa ba ya zafi, ba ya sa ido ja, kuma daga gefe yake fara ci. Tsakiya tana gani tar, ɗaya idon yana rufa wa ɗaya asiri, ƙwaƙwalwa tana cike gibi, mutum yana ƙirga kuɗinsa lafiya lau yana cewa idonsa garau. Sai ya fara tuntuɓe da kujera, ko ɗan acaɓa ya fito masa ta gefe bai gan shi ba. 'Yan'uwa direbobi masu bin hanyar Akwanga da Makurɗi, wannan magana taku ce. Abin da wannan ciwo ya ci ba ya dawowa, amma in an gano shi da wuri, maganin ɗigawa ko aiki yana tsare abin da ya rage. Ya fi kama baƙar fata, yana kuma bin dangi.

An yi babban bincike a kan makanta a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, aka duba idon mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka sami kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wanda aka ƙiyasta ya haura mutum miliyan ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Yanar ido ita ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido kusan kashi 17. Kashi 84 cikin ɗari na makantar nan abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Aka kuma sami mutum 5 cikin kowane 100 suna da hawan jinin ido, kuma a cikin masu shi waɗanda suka san suna da shi ba su kai 6 cikin 100 ba. Ku dubi yawanmu a ɗakin nan, ku yi lissafin da kanku.

Yana kuwa aiki ake yi a cire ta, gani ya dawo da izinin Allah. Kada a kai ido wurin mai tura yana da tsinke, kada a ɗiga masa abin da likita bai rubuta ba. Muna da sashen ido a babban asibitinmu na nan Lafiya, wanda muka daɗe da sani da sunan Dalhatu Araf. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. Duk wanda ya kai 40 ya je a auna masa matsin ido a duba jijiyar, ko da ba ya jin komai, ya kuma riƙa komawa yadda likita ya ce. Wanda yake da ciwon suga, ko aka taɓa samun makanta a gidansu, shi ya fi kowa bukatar gaggawa. Muna roƙon shugabanni su duba yiwuwar gayyato ma'aikatan ido su zo wani taronmu su duba mu gaba ɗaya, maza da mata. Mukan canza waya bayan shekara biyu ko uku saboda an ƙara mata lamba. Ido kuwa biyu aka ba mu, babu shagon da ake sayar da na uku.

Jama'a, mun ɗauki lokacinku. Abin da muke so a tafi da shi gida uku ne: kada lambar kwali ta ruɗe mu wajen sayen waya, kada mu sayar ko mu saya da hoto ba tare da siffa ba, kuma mu kai idonmu a duba tun yana gani. Allah ya tsare mana ganinmu da mutuncinmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya zaunar da Jihar Nasarawa da Nijeriya lafiya.